Sinadaran da ba sa ruɓewa: abin da ya kamata mu sani

A kasuwannin Maijirgi, Tasawa da Mayahi muna ganin magungunan ƙwari iri-iri, wasu ma an zuba su a kwalabe babu takarda a jiki. Cikin sinadaran da masana'antu ke haɗawa akwai waɗanda ba sa ruɓewa: suna shekara da shekaru cikin ƙasa da ruwa, su taru a kitsen dabba da na mutum, har su fito cikin nonon uwa.

Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001, ta soma aiki a 2004, kuma Nijar na cikinta. An fara da sinadarai 12, ciki har da DDT da dieldrin, wanda a da aka yi ta fesa wa fara a yankin Sahel. DDT kam an bar shi ne don yaƙi da sauro. An ƙara lindane, wato Gamalin, a 2009, sai endosulfan a 2011, ko da yake ƙasashen CILSS sun riga sun hana shi tun 2007.

Gardamar yau a kan dangin PFAS take, dubban sinadarai da ake sawa a tukwanen da abinci ba ya kama su, da kumfar kashe gobara. Yarjejeniyar ta ɗauki PFOS a 2009, PFOA a 2019, da PFHxS a 2022. To, saura fa? A 2021 ƙungiyar OECD ta ba da ma'ana mai faɗi, hukumar muhalli ta Amurka kuwa ta taƙaita tata. Wannan ba gardamar malamai kawai ba ce, domin abin da ma'ana ta bari a waje, doka ba za ta taɓa shi ba. A ma'anar OECD, har wasu magungunan gona sun shiga.

Mu a nan, abin da ke hannunmu shi ne mu sayi maganin da kwamitin Sahel na magungunan ƙwari ya amince da shi, mu tuntuɓi malamin gona kafin feshi. Kada mu zuba ruwa ko mai a galan ɗin magani. Wake kuma, buhun PICS mai ruɓi uku yana adana shi ba tare da magani ba.