Ga mai cewa tseren mota bai taɓa taka ƙasar Hausa ba

Tun da aka fara maganar kakar tseren motoci mai zuwa a ƙasashen Turai, wani ɗan'uwa ke ta nanata cewa mu 'yan Arewa sai dai kallo a talabijin, wai tseren mota bai taɓa ratsa ƙasarmu ba, kuma ba mu da hannu a harkar mota ban da lodi a tasha. Malam, wannan magana ba haka take ba. Ni ɗan Jabo ne, kuma amsarka tana nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Tambuwal, amma bari in soma daga Kano.

A watan Mayun 1974 aka yi wani tsere domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci. An taso daga Landan za a ƙare a Munich, sai masu shiryawa suka zaɓi doguwar hanya: Faransa, Sifen, Maroko, Aljeriya, a tsallake Sahara a shiga Nijar, a iso Kano, sannan a juya a sake keta hamadar. Kano ce makurar tafiyar ta kudu. Motoci 70 suka tashi.

Abin da ya faru a Aljeriya ne ya sa ba na gajiya da labarin nan. Kowace mota tana da takardar hanya da aka rubuta tun kafin tseren, wadda ke cewa idan kwalta ta ƙare a yi kaza. To, tsakanin rubuta takardar da ranar tseren, ma'aikata sun ƙara wa kwaltar tsawo. Alamar da kowa ya dogara da ita ta gusa, direbobi suka bazu cikin rairayi, sai da aka tashi jiragen sama ana nemansu. Har Stirling Moss, gwarzon Ingila da duniya ta sani, a Sahara tafiyarsa ta tsaya shi da Mercedes ɗinsa. Ku tuna kuma lokacin ne fari ya addabi yankin, dabbobi suka ƙare, mutanen Azbin suka yi ta kwararowa kudu neman abinci. Wannan hanya ta Agadas zuwa Kano kakanninmu fatake sun bi ta ɗaruruwan shekaru da raƙuma, madugu na riƙe da ayari, jagaba na gaba yana karanta ƙasa da taurari. Ga injuna, ga taswira, amma da aka rasa jagaba, motoci bakwai kacal suka iso Najeriya. Bakwai cikin saba'in! Biyar ne suka kammala hanyar duka ba tare da yanke ba, 19 kuma aka lissafa sun isa Munich.

Waɗanda suka ci 'yan Ostireliya ne su uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, a cikin Citroën DS 23, da ratar fiye da sa'o'i 28. Na yarda sun yi bajinta. Amma zuciyata tana wurin mota ta biyu, Peugeot 504, wadda mata biyu Faransawa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, suka kai Kano suka mayar da ita Turai. Ta uku 504 ce, ta huɗu ma 504 ce, ita ma mata ke ciki. Shekara guda bayan haka, a 1975, aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. Duk tsohon direban da ya yi jigilar Sakkwato zuwa Jega zai gaya maka abin da Fijo ta iya a kan gargada da yashi, ta ɗauki mutane da buhunan albasa ba ta yi gardama ba. Masu cewa ƙauna ce kawai ta sa dattawanmu ke yabonta, su je su duba sakamakon 1974.

Kuma tunda an zo nan, a daina haɗa tsere da wasan ganganci da samari ke yi da mota ranar ɗaurin aure. Tseren gaske yana da hanya keɓantacciya, da alƙalai, da agogo, da hular kwano, da motar asibiti a tsaye. Wanda ya murza sitiyari a tsakiyar jama'a ya take ɗan mutane ba ɗan tsere ba ne, mai laifi ne.

Bayan tseren 1974 aka samu na Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓata a hamada da babur a 1977. An fara a Disambar 1978, Agadas da Tenere suka zama zuciyarsa shekaru da dama. Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, an soke tseren 2008 saboda tsaro, ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma yana Saudiyya.

Namu na gida shi ne na Argungu, wanda ya daɗe cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Matan Fada. Bikin ya tsaya kusan shekara goma, da aka farfaɗo da shi a Maris 2020 sai motoci suka taso daga Abuja zuwa Argungu, kuma waɗanda aka harhaɗa a Najeriya aka fito da su. Wa ke shugabantar NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, da ta tsaya wa tseren a lokacin? Jelani Aliyu, ɗan asalin Dogon Daji, nan kusa da mu. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya tafi Detroit da tallafin karatu na jihar Sakkwato, ya shiga General Motors a 1994. Zanensa ne aka zaɓa wa siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Masu cewa shi ya ƙirƙiro mota mai lantarki su ma su rage, siffarta ya zana, kuma wannan kaɗai ya isa abin alfahari. A 2021 hukumar tasa ta kafa wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Roƙona ga masu shirya tseren Argungu na gaba shi ne idan sun baro Sakkwato su biyo ta Boɗinga da Dogon Daji da Tambuwal, su ɓulla Jega da Birnin Kebbi, a kuma tsayar da motocin ko na sa'a guda a Dogon Daji, a buɗe injuna yaran makaranta da kanikawanmu su leƙa.