Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Malamai, ɗalibai da ma'aikata, akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Ita ce ke addabar masu cutar lufus, wadda a cikinta garkuwar jiki kan juya ta yaƙi jikin da take tsaro. Tarihi ya adana mana misalin marubuciyar Amurka Flannery O'Connor. Wannan cuta ita ce ajalin mahaifinta a 1941, sa'an nan ta kama ta a 1950, tana da shekara 25.

Sai ta koma gonar mahaifiyarta a jihar Jojiya. Magungunan zamanin sun tsawaita kwananta, amma ba su mayar mata da ƙarfi ba. Daga 1955 da sanduna take tafiya. Saboda haka ta riƙa auna ƙarfinta kamar mai awon hatsi a shekarar fari: sa'a biyu ko uku na safiya don rubutu, sauran yini don hutu da karatu. Da haka ta kammala littattafai huɗu kafin rasuwarta a 1964.

To, in abokin aikinku mai irin wannan cuta ya sassauta, kada ku kira shi rago. Ku tambaye shi lokacin da ƙarfinsa yake, ku ɗora aikin a can.