Ɗaɗɗori: shukar da yawan ruwa ke kashewa

Ɗaɗɗori, wanda masana ke kira Cissus quadrangularis, ɗan dangin inabi ne. Kararsa kore ce mai kusurwa 4, gaɓa bisa gaɓa, kuma a cikinta yake ajiye ruwa. A daji yakan fito kusa da suri ko ya hau itace kamar aduwa. A Turai kuwa saye ake yi a rataya shi cikin ɗaki don ado. A garuruwan Tasawa da Mayahi, inda damina ba ta cika wuce wata 4 ba, ga kuma ruwan pampo da kuɗi, da wuya a sami shukar da ta fi shi dacewa da tsakar gida.

Ba a buƙatar iri. A yanko reshe mai gaɓa 2 ko 3, a ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa gaɓa ɗaya cikin ƙasa. Wanda ya dasa shi ɗanye yakan tarar ya ruɓe. Rairayin jigawa, irin na kewayen Gulbin Kaba, ya wadatar in an haɗa shi da ɗan busasshen taki. Laka ce ba ya so. Tukunyar ƙasa ta fi bidon roba, don tana shan iska, amma ko wacce aka ɗauka dole a huda gindinta.

Wajen ban ruwa ne aka fi yin kuskure. A bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sau ɗaya a mako ya isa, a kuma kare shi daga ranar tsaka. Da hunturu sai a ƙara tazara. Zubar ganye da rani ba ciwo ba ne, halinsa ne. In gindin kara ya yi laushi ya yi baƙi, ruwa ya yi yawa: a yanke gaɓoɓin da ke da lafiya a sake dasawa. A watan Agusta gara a janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo.

Ana iya barin rassan su zubo daga katanga, ko a kafa masa sanda ya kama da zaren da yake fitarwa. Ruwansa yana sa ƙaiƙayi a fata da baki, don haka a ɗaga shi inda hannun yara ba ya kai. A Indiya ana amfani da shi a maganin gargajiya na karaya, amma mai karaya asibiti ya kamata a kai shi.