Ƙwaya da Ƙarfin Lebura: Nazari Daga Dakata

Duk wanda ya san Dakata ta Kano ya san unguwa ce da ƙugin inji ba ya yankewa a cikinta matuƙar akwai wuta, domin a nan ake matsar man gyaɗa, ake niƙa hatsi, ake narka tsohuwar roba a mai da ita sabon kaya, kuma galibin masu wannan aiki samari ne da ake sallama da la'asar gwargwadon buhunan da suka ɗauka, ba su san albashin wata ba balle hutun jinya. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne cewa ƙwayar da ake sha a irin wannan wuri, da Sharaɗa da Challawa da Bompai, sau da yawa saboda aiki aka fara haɗiyarta tun kafin ta zama jaraba, kuma wanda ya jahilci wannan asali zai yi ta kuskure wajen magani komai kyan niyyarsa.

Ƙwayar da nake nufi, tiramol, magani ne na halal a asalinsa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977 domin ciwo mai tsanani. Yana danne zafi ta hanyar da afiyuni yake dannewa, sa'an nan yana da wani aiki na biyu a ƙwaƙwalwa wanda ke sa mai sha ya ji gajiya ta gushe, kuma wannan aiki na biyu ne ya sa ɗan dako da ɗan ga-ruwa da mai tuƙa Adaidaita Sahu suka ɗauke shi maganin ƙarfi. Hukuma a Nijeriya ta yarda da mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai, likitoci kuma ba sa wuce 400 a yini, alhali wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, akasari daga Indiya, yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. In an haye ƙa'ida farfaɗiya na iya biyo baya, farfaɗiya kuwa a gaban injin da ke juyawa ba ta bukatar sharhi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun taɓa miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin waɗannan magungunan kashe zafi suka sha ba bisa umarnin likita ba, jihar Kano kuwa an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya. Kafin nan, a ƙarshen Afrilun 2018, BBC ta nuna yadda ake fataucin maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi, a shekarar ne kuma Indiya ta tsananta dokar tiramol. Wannan mataki daidai ne, haka ma tayar da 'yan magani daga Sabon Gari zuwa kasuwar Dangwauro a 2024. Amma me ya biyo baya? A Fabrairun 2025 wani binciken ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai yana cika Afirka ta Yamma da haɗin tapentadol da carisoprodol, wanda ya fi tiramol haɗari. An toshe kwararo ɗaya ruwa ya ɓulle ta wani, saboda bukatar da ta jawo kayan tana nan inda aka bar ta.

Bukatar kuwa tana da tarihi. Tun da manyan masaƙu da majemun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara durƙushewa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma ƙarancin wutar lantarki, aikin dindindin mai asibitin ma'aikata da ƙungiyar ƙwadago ya yi ƙaranci, aikin jinga ya maye gurbinsa. Wanda bayansa ya riƙe, in ya kwanta iyalinsa su kwana da yunwa, in ya je asibiti yinin ya tafi a layi, ga kemis a bakin titi. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, domin akwai masu sha don shagala, akwai kuma matan aure a cikin gidaje waɗanda tasu mas'alar daban ce.

Inda na fi saɓa wa jama'armu shi ne wajen magani. Al'adar da ta yi ƙarfi ita ce a kai yaro gidan mari, a sa masa sasari, a raba shi da ƙwaya dare ɗaya, har sai da abin da aka gani a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ya tilasta hukumomi rufe irin waɗannan gidaje. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce. Sai dai likitoci sun tabbatar cewa jikin da aka yaye da ƙarfi yakan rasa juriyar da ya saba da ita, ta yadda in mutum ya fito ya koma wa adadin da yake sha a da, wannan adadin ne zai iya tsayar masa da numfashi.

Abin mamaki, fuƙaha'unmu sun riga mu fahimtar wannan babi. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bambanta a cikin littafinsa Furuƙ tsakanin abin da ke bugarwa kamar giya da abin da ke gusar da hankali ko sa barci, ya nuna na farko ne ke da haddi, sauran kuwa ta'aziri ne wanda aka bar wa ijtihadin shugaba, watau akwai sarari ga hukuma ta zaɓi abin da ya fi maslaha. Ibnu Hajar Haitami na Makka, a ƙarni na 16, da aka tambaye shi hukuncin wanda afiyuni ya kama har barinsa zai halaka shi, ya ba da fatawa cewa larura ta halatta masa ci, tare da wajabcin ragewa sannu a hankali har jiki ya saki. Gaskiya ne sharaɗinsa halaka ce tabbatacciya, yaye tiramol kuwa ba kasafai yake kisa nan take ba, don haka ba kowa zai fake da fatawar ba. Amma ƙa'idar tadriji da ya kafa ita ce dai likitan zamani ke bi yayin da yake rage ƙwaya a kan ma'auni, ko ya musanya ta da methadone ko buprenorphine a ƙarƙashin kulawa.

Kano ba ta rasa wuraren jinya ba: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da sashen masu wannan larura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Illa dai kusan duka an gina su ne a kan kwanciya ta makonni, wadda lebura mai cin gumin yini ba zai iya ba. Abin da ya dace da Dakata shi ne ɗakin shan magani a cikin unguwar masana'antu kanta, mai buɗewa bayan asuba da bayan isha'i, inda za a duba ciwon bayan da ya kai mutum ga ƙwaya tare da jarabar da ta biyo, a ajiye naloxone domin wanda numfashinsa ya sarƙe, masu injina kuma su ɗauki wani kaso na kuɗin, tun da yake a farfajiyarsu ake faɗuwa.