Semiyonob da Duwatsun Tiyan Shan: Ilmi a Gaba, Sojoji a Baya



Mutumin da zan yi magana a kansa yau, watau Piyotar Semiyonob, an haife shi a lardin Riyazan na ƙasar Rasha a 1827. Bayan ya gama Jami'ar Fitasbag sai ya tafi Balin a 1853, ya zauna gaban Karl Rita, shehin malamin labarin ƙasa. Wannan Rita shi ne kuma malamin Hainirik Bat, Bajamushen nan da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851. Ashe ke nan ɗalibai biyu na zaure ɗaya, guda ya nufo ƙasarmu, guda ya nufi tsakiyar Asiya.

A zamanin nan babban masani Humbol yana ganin cewa duwatsun Tiyan Shan, da ke kan iyakar Sin, masu aman wuta ne, alhali kuwa bai taɓa sa ƙafa can ba. Labarin matafiya da tsofaffin littattafan Sinawa ya dogara a kai. Semiyonob ya ƙudurta ya je ya gani da idonsa, don kuwa gani ya kori ji.

A 1856 ya ratsa Sibiriya, ya sauka sansanin soja na Berni, inda birnin Almati yake yau, daga nan ya kai tafkin Isik-Kul, a ƙasar Kirgistan ta yanzu. Masana sun ɗauka kogin Cu daga tafkin nan yake fitowa. Shi kuwa ya bi gaɓa, ya tarar ba haka ba ne. A 1857 ya sake komawa, ya hau mashigin duwatsu har ya kai mafarin kogin Narin, ya ga manyan kwaruruka cike da daskararriyar ƙanƙara. Dutse mai aman wuta kuwa ko ɗaya bai gani ba. Da haka ɗalibi ya gyara maganar manya, da hujjar da ya ɗebo da ƙafarsa.

Da ya komo gida sai ya shiga aikin hukuma. Yana cikin waɗanda suka tsara dokar 1861 wadda ta 'yantar da manoman da ke ɗaure a gonakin iyayengijinsu. Ya riƙe ragamar Ƙungiyar Labarin Ƙasa ta Rasha tun daga 1873, ya kuma shirya ƙidayar jama'a ta farko ta daular baki ɗaya a 1897. A 1906 Sarki Nikolas na Biyu ya ƙara masa "Tiyan-Shanski" a sunansa. Ya rasu a 1914.

To, amma fa kada mu tsaya ga yabo. Sojojin sarki ne suka raka shi cikin duwatsun nan, kuma kafin shekara ashirin ta cika ƙasar Kirgizawa duka ta faɗa hannun Rasha. Mu ma nan, shekara 52 tsakanin shigowar Bat Kano da shigowar sojojin Ingila a 1903, littattafansa kuwa suna hannun Turawan da suka zo mulki.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da ma'aikata, wanda ya auna ƙasa, ya ƙidaya mutanenta, ya rubuta, ya sami iko a kanta. Idan an tura ɗayanku aikin safiyo ko ƙidaya a wani ƙauye mai nisa, ya je da kansa, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma tambayi wanda zai amfana da takardar.