Agogon Hague da Darajar Minti

Kafin 1656, agogo kan yi kuskuren kusan minti 15 a yini. A shekarar ce masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya sa masa ƙarfe mai lilo, kuskuren ya koma daƙiƙoƙi. A 1657 Salomon Coster ya fara ƙera irinsa a birnin Hague: akwatin baƙin katako, fuska shimfiɗe da karammiski, zoben lambobi yana ƙyalli a kai, ga mintoci an zana. Da can wa zai wahala zana minti a agogon da ba ya riƙe shi? Mu masu rubuta manhaja, da kwamfutocinmu ke tsaga daƙiƙa gida dubu, daga wannan zoben muka gaji lissafinmu.