Tsagewar Kalangai

Tsagewar Kalangai wata doguwar tsaga ce a ɓawon ƙasa da ke arewa maso yammacin Najeriya. Ta ratsa ta yammacin Zariya, daga wajajen Zungeru a Jihar Neja, ta bi ƙasar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, ta nufi kudancin Jihar Katsina. Masana da yawa suna haɗa ta da tsagewar Ifewara ta Jihar Osun, suna ɗaukar su a matsayin layi guda.

Asali

Tsagar tana da alaƙa da wani babban motsin ƙasa da ya auku kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ɓawon ƙasar Afirka suka yi karo. Karon ya tayar da tsaunuka masu tsayi, ya narkar da duwatsu a can ƙarƙashi, daga baya suka daskare. Ruwa da iska sun cinye tsaunukan, sai tushensu ya rage. Dutsen Kufena da ke yamma da birnin Zariya, da dutsen Madarkaci da ke cikin ganuwa, duk daga wannan tushen suke.

Yanayin motsi

A Kalangai, ɓangarorin biyu sun goga juna ne gefe da gefe. Wanda ya tsaya a ɓangare ɗaya yana kallon ɗayan zai ga duwatsunsa sun gusa zuwa dama. Gogar ta niƙe duwatsun da ke kan layin, ta bar ƙananan tsagogi masu yawa.

Zinariya

Ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya biyo waɗannan tsagogi daga ƙarƙashin ƙasa, ya bar jijiyoyin farin dutse masu zinariya a ciki. Wannan ne ya sa ake haƙar zinariya a Birnin Gwari tun zamanin Turawa, har zuwa yau.

Haƙar tana da hatsari, domin a wasu wurare zinariya na haɗe da dalma. A yankin tsagewar Anka, takwararta da ke yamma a Jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a shekarar 2010, bayan an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta gurɓata ƙasa da abinci.